Shekarar da Aka Rufe Ɗakin Siginar Yaya Bulus

Kun tashi kuna jin ana cewa ubanku ne ya raba Baba Bulus da aikinsa. Ba a gabanku ake faɗa ba, na sani, amma yaro ba kurma ba ne, kuma matan unguwarmu ta Thamesmead ba su iya raɗa ba. Ke Zainab kin taɓa tambayata da Turancinki, na ce ki je ki yi karatu. Kai Usman ba ka taɓa tambaya ba, ka yanke naka hukuncin ka yi shiru, halin dangin uwarka. To yanzu na yi ritaya, ba ni da ofis, ba wanda zai ce na fasa sirrin kamfani. Ga yadda abin ya faru, ku karanta ku yi yadda kuka ga dama da shi.

Na sauka Landan ina saurayi, da akwati ɗaya da wata rigar sanyi da ba ta tare komai, na zo karatun harkar sufuri. Wanda ya yi alkawarin tarbata bai zo ba. Ina tsaye a tashar jirgin ƙasa, haƙora na haɗuwa, na ce a fili, “Yau na shiga uku.” Sai wani baƙin mutum mai kayan ma'aikatan jirgi ya juyo ya ce, “Uku kawai? Kai ɗan wane gari ne?” Shi ne Bulus, mutumin Kafanchan. Ubansa direban jirgi ne, nawa uban kuma kafinta ne a reluwe a Zariya. Da ya ji haka bai ƙara tambayata komai ba, ya ɗauki akwatina. Kirista ne, amma washegari shi ya fita ya nemo mini buta, ya nuna mini gabas a falonsa, matarsa Rahila kuma ta ware mini tukunya ba tare da na roƙa ba. Shi ya raka ni ofishin shige da fice na Croydon muka bi layin takardun zama cikin ruwan sama. Da na auro mahaifiyarku Hajara, a gidansa ta fara sauka. Tun daga makon farko nake ce masa Yaya, kuma ban san wata kalmar da ta fi wannan dacewa ba.

A wannan falon nasa na fara karanta tarihin Ba'amurken nan da kuka tashi kuna ganin hotonsa a kan teburina, mai gashin baki da tabarau, wanda Usman ya daɗe yana zaton wani kakanmu ne da ya yi fari. Ba sai na kama sunansa ba, ba shi ya aike ni ba. Mutumin ya bar makaranta yana yaro ya shiga aikin masinja a kasuwar hannun jari. A can ya koyi gane kamfanin da ya mutu da wanda suma kawai ya yi. A zamaninsa kowane mai kuɗi a Amurka so yake ya shimfiɗa nasa dogon, har ka ga layi biyu suna tafiya gefe da gefe zuwa gari ɗaya, kowanne taragansa ba su cika ba, kowanne yana karyewa a hankali. Shi kuwa sai ya jira su faɗi ya saya. Amma ba irin masu sayen mushe su sayar da fata ba ne. Da ya karɓi wani babban layi da ya durƙushe, sai ya hau jirgi ya bi shi daga farko har ƙarshe, da rana kawai, don ya ga kowace gada da kowace kwana da idonsa. Da ya dawo ya sa aka miƙe kwanoni, aka rage hawa, aka sauya ƙarafa da masu nauyi, aka sayo manyan injuna. Inda abu biyu ke yin aikin abu ɗaya, ya haɗe su. Inda abu ba ya aiki, ya kawar da shi, ko na wane ne. Layin da ake yi wa dariya ya zama abin kwatance. Ya ci gaba da haɗiye maƙwabtansa har gwamnati ta fara jin tsoronsa, kuma bayan mutuwarsa kotu ta raba wani ɓangare na abin da ya haɗa. Bai yi tsawon rai ba. Waɗanda suka yi aiki da shi sun yabi kaifin ƙwaƙwalwarsa, amma ban ga inda aka ce yana da daɗin zama ba, kuma a lokacin wannan bai dame ni ba ko kaɗan.

Abin da ya ja ni gare shi mai sauƙi ne. Na tashi a barikin reluwe ina ganin yadda abu mai kyau ke lalacewa idan kowa yana jin nauyin kowa. Wane ba ya zuwa aiki, amma surukin wane ne. Wancan injin ya mutu, amma wanda ya sayo shi babba ne, ba a faɗa. Sai ga mutum wanda ba ya jin nauyin kowa, kuma jiragensa suna isa a kan lokaci. Na ce ni ma haka zan zama. Yaya Bulus kuwa abin dariya ya mai da shi.

“Wannan ubangidan naka,” in ji shi, “ya taɓa jan sigina cikin ƙanƙara?”

“Bai taɓa ba, Yaya.”

“To me ya sani?”

“Ya san inda ya kamata a kafa ta.”

Ya cire silifa ya jefe ni, Yaya Rahila tana ta dariya daga kicin.

Ya kamata ku san irin aikinsa, don ku ba ku taɓa ganin wurin ba. Ɗakin sigina wani ɗan ɗaki ne na katako a saman bene, a bakin dogo, can bayan gari ta wajen Kent. A ciki akwai jerin dogayen hannayen ƙarfe masu launi. Mutum ɗaya ne ke ciki. Shi ke jan su da ƙarfinsa, ya buɗe wa jirgi hanya ko ya tsayar da shi ko ya karkata shi wani layin. Suna da al'adunsu. Ba a kama hannun ƙarfen da tafi tsirara, sai da tsumma, don gumi na sa tsatsa. Ba a shiga sai an ƙwanƙwasa an ba ka izini, ko da kai ne shugaban kamfani. Daɓen Yaya Bulus kana iya ganin fuskarka a ciki, kuma a tagar kudu yana da tukwanen barkono da yake yi wa magana kamar jikoki. A wannan ɗakin shi ne mai iko, kuma ya shafe yawancin rayuwarsa ta Landan a ciki.

Shekaru suka tafi, na gama karatu, na sami aiki, na yi ta hawa. A shekarar da nake ba ku labari, aka ba kamfaninmu aikin haɗe ƙananan ɗakunan sigina na wannan yankin su koma babbar cibiya ɗaya, inda za a riƙa sarrafa komai da kwamfuta. Ni aka ɗora a kai. A zaman farko na gaya wa shugabata, wata Baturiya mai gaskiya wadda ba ta dogon zance, cewa akwai yayana a cikin ma'aikatan layin. Ta ce na jini? Na ce a'a. Ta ce to ba matsala. A wurinsu in ba jini, shi ke nan. Sharaɗi ɗaya ta gindaya mini, wanda aka yi yarjejeniya a kansa da ƙungiyar ma'aikata: ba wanda zai ji wane ɗaki za a fara rufewa kafin ɗan'uwansa, kowa zai ji a rana ɗaya. Na ba ta alkawarina, ba wanda ya tilasta ni.

Na yi yadda ubangidan nawa ya yi. Na zauna kusa da direba na bi layin duka da rana, na sauka na taka inda ya kamata a taka. Ɗakin Yaya Bulus da wani na gaba da shi aikin abu ɗaya suke yi, nasa ne ya fi tsufa, katakon ya fara ruɓewa daga ƙasa, wayoyin sun gaji. Na juya lissafin ta kowace fuska ina neman hanyar gaskiya da zan bar shi, wallahi babu. Nasa yana cikin na farko da za su tafi.

Amma akwai ƙofa ɗaya a buɗe. Kamfanin jirgin ya sanar cewa duk mai son koyon sabon aikin ya ba da sunansa kafin ƙarshen bazara, a kai shi kwas, a ba shi kujera a sabuwar cibiyar. Wanda bai bayar ba, ranar da aka rufe ɗakinsa sai ya karɓi abin da ya samu. Dattawa da yawa suka ƙi, kowa na lissafin nasa ɗakin zai kai shi ritaya. Yaya Bulus yana da sauran shekaru kafin fansho, ga 'ya'ya biyu a makaranta, ga dangi a gida suna kallon hannunsa. Abin da ake buƙata gare shi bai wuce ya ba da suna ba.

Da ya ji ni ne shugaban aikin, sai murna. Ya faɗa a coci, ya faɗa a wurin suna, ya faɗa wa abokan aikinsa Turawa. Wuƙa da nama suna hannun ƙanena, abin da yake cewa ke nan. Wata Lahadi da yamma na je gidansa, na same shi a gaban tuwo da miyar kuka, na zauna aka zuba mini.

“Yaya, ka ba da sunanka a kwas ɗin nan.”

“Ni? In zauna gaban talabijin ina danna maɓalli kamar mai sayar da tikiti? Haba Garba.”

“Ka dai bayar. Ba abin da zai rage ka.”

Ya ajiye lomar ya dube ni. “Akwai wata magana ne?”

“Ba ni da izinin faɗin komai, ga kowa. Abin da nake iya faɗa shi ne ka ba da sunanka.”

Sai ya fashe da dariya, ya ƙwala wa matarsa kira. “Rahila, kin ji ɗan boko? Ya sauke nauyin ofis, ya faɗi abin da ake faɗa wa kowa. Madalla. Ci tuwonka. Da gidana na cin wuta ai da ka ce mini wuta.”

Nan ne abin ya karkace, kuma ina so ku gane shi sosai, don ku 'yan nan ne, ba lallai ku gani ba. Bature in ka ce masa ba ka da izinin magana amma ya yi kaza, nan take zai gane akwai magana, ya tafi ya yi. Namu kuwa, in yana da nasa a ciki, ya riga ya kwanta. A lissafin Yaya Bulus, ba zai yiwu yaron da ya ɗauko a tasha ya san za a rufe masa ɗaki ya zauna yana cin tuwonsa bai faɗa ba. Tunda ban faɗa ba, to babu. Kuma ba da suna a wurinsa kamar nuna wa duniya ne cewa bai yarda da ƙanensa ba.

Mahaifiyarku ta tare ni a kicin da safe kafin in fita.

“Malam, ka faɗa wa Yaya Bulus.”

“Ke ma ai ban faɗa miki komai ba.”

“Fuskarka ta faɗa. Ka daina cin abinci tun da ka bi layin nan. Ka je ka gaya masa ƙiri-ƙiri.”

“Na yi alkawari, Hajara.”

“Wa ka yi wa? Matar da ba ta san ƙofar gidanka ba? Mutumin nan shi ya ɗauke ka a titi.”

“Kin san Yaya, bakinsa ba ya riƙe magana. In ya ji yau, gobe duk layin ya ji, a kore ni, a rushe yarjejeniyar. Kuma sauran fa? Su ba su da ƙane a ofis.”

“To laifinsa ne da yake da shi?”

Na ɗauki jakata na fita. Ta yafa gyale ta tafi wurin Yaya Rahila ta roƙe ta ta matsa masa. Amsar da ta dawo da ita daga Yaya Bulus ita ce, wannan tsoron mata ne, in da gaske akwai abu Garba ya san hanyar gidana. Na koma, na sake komawa, na maimaita masa magana ɗaya har ya fara ƙosawa da ni. Wata Juma'a bayan salla a masallacin Regent's Park na ja wani dattijon malami gefe na ba shi labarin ba tare da suna ba. Ya ce amana wajibi ce, haƙƙin wanda ya yi maka alheri ma wajibi ne, Allah ya ba ni mafita. Ya bar ni daidai inda ya same ni. Bazara ta ƙare, aka rufe karɓar suna.

Ranar sanarwa aka tara ma'aikata a wani zaure. Ni ina kan dandamali tare da Turawa. Yaya Bulus yana layin gaba da kwat ɗinsa ta zuwa coci, har ya ɗaga mini hannu. Shugabata ce ta yi bayani. Da ta ambaci ɗakinsa cikin na farko, bai yi motsi ba, bai dube ni ba. Ya cire hularsa ya ninke ta a kan gwiwa, ya zauna har aka tashi, ya fita ta ƙofar gefe.

Na nemi a karɓi sunansa a makare. Aka ce in aka buɗe wa ɗaya sai an buɗe wa kowa, kuma gaskiyarsu ce, da ni ne ma haka zan ce. Abin da aka samar masa shi ne tsaron ƙofar tikiti a wata tasha, da albashin da bai kai na da ba. Ya karɓa saboda yara. Mutumin da jirgi ba ya wucewa sai da izininsa ya koma tsayuwa a bakin ƙofa yana nuna wa 'yan makaranta inda za su sa kati.

A ranarsa ta ƙarshe a ɗakin na ɗauki hutu na je ni kaɗai, da rana tsaka. Na hau matakalar na ƙwanƙwasa. Ya buɗe, tsummansa a kafaɗa, ya riga ya kwashe tukwanen barkonon cikin kwali. Na rusuna na ce, “Yaya, barka da aiki.”

Ya dube ni kamar yadda ake duban mai karanta mitar lantarki, ya ce da Turanci, “Can I help you, sir?”

Na ce, “Yaya, ni ne fa.”

Ya ba ni amsa da Turanci, cikin ladabi, cewa yana bakin aiki, in akwai wani abu in bi ta ofis. Ya rufe ƙofar a hankali. Tun ranar da ya ɗauki akwatina bai taɓa yi mini Turanci ba sai a wannan rana, kuma daga ita bai sake yi mini Hausa ba.

Sauran kun gani da idonku, ba ku dai san ma'anarsa ba. Bai yi gaba da gidanmu ba. Yaya Rahila ta ci gaba da aiko shinkafar Kirsimeti, mahaifiyarku ta ci gaba da kai naman layya, ana karɓa ana godiya. Ku yana yi muku Hausa kuna amsa masa da Turanci, ni yana yi mini Turanci ina amsa masa da Hausa. Mukan haɗu a tashar bas, ya ce mini safiya ta yi kyau, ya tambayi lafiyar iyali, duk da harshen mutanen da ba su san mu ba. Mutanenmu kuwa suka yanke nasu: Garba ya fara yanka da mai masaukinsa. Aka daina kirana sulhu, aka daina sa ni gaba a wurin neman aure. Dattawa suka so su shiga tsakani, ya ce musu ba faɗa ake ba, me za a sasanta?

In kuna jiran in ce na yi nadama, ba zan ce ba. Layin nan yana aiki, jirage suna isa, wasu daga cikin waɗanda suka ba da suna sun yi ritaya da mutuncinsu, kuma ba wanda ya riga wani ji. Alkawari na yi na cika. Amma kada ku ɗauka bai yi mini ciwo ba. Ya yi mini ciwo fiye da rasuwar mahaifina, don shi mahaifina ba na haɗuwa da shi a tashar bas.

Bayan shekaru, kun riga kun bar gida, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Yaya Rahila ta bugo mini waya da kanta. Ta ce Turancinsa ya gudu, tun da ya farfaɗo Hausa kawai ke fita daga bakinsa, ma'aikatan asibiti ba sa gane abin da yake so, ita kuma ba ta iya zama yini duka. Ta ce in zo in riƙa zama da shi da rana ina fassara. Ba zan ɓoye muku ba, murna na yi. Mutum yana kwance rai a hannun Allah, ni ina cikin bas ina murna, don na ce yau dole ya yi mini Hausa.

Na same shi ya rame, baki ya karkace gefe ɗaya. Tun daga ƙofa nake jin muryarsa yana yi wa wata nas 'yar Filifin faɗa da Hausa, wai kunun nan ba tsamiya. Na ja kujera na zauna, na kama hannun da ke motsi.

“Yaya, ya jiki?”

Ya juyo. Ya gane ni, na ga haka a idonsa. Ya daɗe yana kallona, leɓensa na rawa, jijiyar wuyansa ta tashi, gumi ya tsattsafo masa a goshi. Wani abu yake nema a cikin kansa, yana shan wuya wajen lalubo shi. Na matso da kunnena kusa da bakinsa, na ce ya yi a hankali, ba sauri. Kalmomin suka fito ɗaya bayan ɗaya, da ƙyar, kuma na Turanci ne.

“Thank you for coming.”

Ya zare hannunsa daga nawa, ya juya ga nas ɗin ya ce mata, “Yarinya, ba ni ruwa.” Ta dube ni tana jira, na fassara mata.